Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya game da tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda

Zuwa ga Mai girma Babban Sakatare,
Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan hukumarka.

Ranka ya daɗe, ina rubuto wannan wasiƙa daga Tawa domin in roƙi hukumarka ta sanya tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, da ke jihar Zamfara, cikin ayyukan da ƙasashenmu biyu za su yi tare, wato a kare ginin da filinsa, kuma a tattara tarihinta daga bakin mutanen da suka hau jirgi a cikinta tun suna da rai. Na bar wasiƙar a buɗe kowa ya karanta saboda maganar ta shafi mutanen Adar da Gobir da Kwanni da Zamfara baki ɗaya, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni sanin wurin za su ƙara abin da ke wurinsu.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa mutumin Tawa da tashar da ke cikin wata ƙasa, a hannun wata hukumar jiragen ƙasa da ba tamu ba. Amsar tana cikin yadda aka shimfiɗa dogo a wannan yanki. Jirgi ya iso Kano a 1911, daga baya Turawan Ingila suka fitar da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamar yadda wani reshen ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Ba don jin daɗin fasinja suka yi wannan aiki ba, gyaɗa da auduga da fatu da shanu suke nema su kai bakin teku a Ikko. Amma dogon ya tsaya a Ƙaura, bai ƙarasa Sakkwato ba, kuma wannan tsayawar ce ta ba tashar muhimmancin da ya fi girmanta, domin duk abin da ke arewa da ita, mutum ko dabba ko kaya, sai ya tako da ƙafa, ko a kan jaki da raƙumi, ko daga baya a cikin babbar mota, ya zo ya same ta. Garin kansa ya girmi jirgi nesa ba kusa ba, tun da sunan Namoda yake ɗauke da shi, ɗaya daga cikin mayaƙan jihadi da suka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, sai dai jirgin ne ya mayar da shi mahaɗar fatake daga ƙasashe biyu.

A namu ɓangaren, Faransawa ba su kafa ko taku ɗaya na dogo ba har suka tafi. Layin da suka taso da shi daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, a tsakiyar ƙasar Dahome ta wancan lokaci, wato Benin ta yau. Daga Madawa zuwa Ƙauran Namoda, a miƙe, bai kai kilomita 200 ba, alhali daga Madawa zuwa Paraku ya haura 600, kuma mai kora shanu ba ya bukatar taswira kafin ya san wace ce ta fi kusa. Saboda haka ga mutanen Madawa da Buza da Keita da sauran garuruwan wannan yanki, tashar jirgin da ta fi kusa ita ce ta Ƙaura, kuma hanyar zuwa sananniya ce: a ƙetare iyaka ta wajen Bangi, a faɗa Sabon Birni, a bi ta Isa da Shinkafi. Ta irin waɗannan hanyoyi shanun Azawak suka riƙa gangarawa ana loda su a tarago zuwa mahautan Ibadan da Ikko, ta nan goro da yadi da sauran kayan kanti suka riƙa haurowa. Ƴan cin rani sun bi, almajirai masu neman karatu a Zariya da Kano sun bi, haka nan waɗanda suka gudo daga haraji da aikin dole, wanda ba a soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai a 1946. Tsofaffinmu har yau idan suna ba da labarin wancan zamani cewa suke yi sun tafi ƙasar Ingilishi, kuma da yawa daga cikinsu a irin wannan tasha suka fara ganin jirgi da idonsu.

Ina so in ɗan tsaya a kan abin da ake nufi da tashar ƙarshen layi a zamanin injin tururi, domin wanda bai san haka ba zai ɗauka maganar wani ɗan gini ake yi mai tagar sayar da tikiti. Kan jirgi mai aiki da tururi yana shan ruwa mai yawa, yana cin kwal da ake haƙowa tun daga Inugu, saboda haka sai an tanadi tanki da famfo da wurin jibge kwal, kuma tun da layi ya ƙare, sai an tanadi yadda za a juya shi ya fuskanci inda ya fito. Akwai sikelin awon kaya, da sito-sito na kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, da wurin loda dabbobi, da wayar tangarahu da ke bin dogo tana sanar da tasha ta gaba cewa jirgi ya taso, da gidajen ma'aikata waɗanda da yawansu daga kudu aka kawo su da iyalansu. A bayan shinge kuma akwai wata rayuwar da ba ta cikin littafin hukuma: masu masauki da ke karɓar fatake su tsaya musu a ciniki, dillalan shanu, ƴan dako, ƴan kamasho, masu canjin kuɗin Faransa zuwa sule da fam, da mata masu tuwo da fura da ƙosai waɗanda cinikinsu na mako ya dogara ga ranar da jirgi ke zuwa. Baƙon da ya fito daga Adar bai san kowa ba yakan tambayi gidan mai masaukin da mutanen garinsu ke sauka, a nan zai ajiye kuɗinsa, a nan za a gaya masa ranar jirgi da kuɗin tikiti da wanda zai nema idan ya sauka a Zariya. Wannan tsari na amana shi ne ya sa talakan da bai iya karatun boko ba ya iya tafiyar ɗaruruwan kilomita ya dawo gida lafiya, kuma shi ne ɓangaren tarihin da ba za a same shi a cikin fayil ba, domin ba wanda ya rubuta shi.

Yadda muka rabu da tashar ma labari ne na ƙasashe biyu. A shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro tsarin tallafa wa manyan motoci domin a karkatar da gyaɗar Nijar daga layukan Najeriya zuwa Paraku da Kwatano, aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, aka kafa hukumar dogo ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar a 1959, sannan bayan samun ƴancin kai aka kafa kamfanin SONARA a Nijar a 1962 ya riƙe cinikin gyaɗa. Farin 1973 da 1974 ya halaka dabbobi, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari, a daidai lokacin da kwalta da manyan motoci suka ƙwace kaya da fasinja daga hannun jirgi a Najeriya. Ba ranar da aka ce an yanke hulɗa, mutane ne kawai suka daina zuwa, har aka wayi gari jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa a kai a kai, kuma matashin Madawa na yau ya san Abijan da Agadas da Sabha ta Libiya fiye da yadda ya san garin da kakansa ya sayi tikiti.

Ranka ya daɗe, dalilin da ya sa nake ganin ba a jira shi ne lissafin shekaru. Yaron da yake da shekara 15 a 1960, ya bi mahaifinsa korar shanu zuwa Ƙaura, ya cika 80 a 2025. Waɗanda suka yi fataucin da kansu a shekarun 1940 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma kowace damina tana tafiya da wasu daga cikin ƴan kaɗan da suka rage. Takardun tarihi da ke ajiye a Kaduna za su iya jira shekara goma, waɗannan dattawa ba za su iya ba.

Ginin ma yana da nasa haɗarin, kuma abin mamaki, sabon ci gaba na cikin abin da ke ƙara shi. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Muna murna da shi, muna addu'ar Allah ya nuna mana ranar da zai fara aiki. Sai dai faɗin sabon dogon milimita 1435 ne, alhali tsohon layin da ya kai Ƙaura milimita 1067 ne, don haka jirgin wannan ba zai hau wancan ba, kuma duk lokacin da hankalin hukumomi da kuɗinsu suka koma kan sabon layi, ƙananan tashoshin tsohon ne ke fara shiga mantuwa. Abin da ke samun tashar da jirgi ya daina zuwa sananne ne a ko'ina: rufi ya fara yoyo ba mai gyara, masu sayen tsohon ƙarfe su yi ta zagaye, fili kuma a riƙa gutsurarsa kaɗan-kaɗan da rumfuna da katanga har a rasa inda iyakarsa take. Labarin sace ƙarafan dogo a arewacin Najeriya ba sabo ba ne a kunnen duk mai sauraron rediyo.

Mu ƴan Nijar muna da wani dalilin namu na musamman na komawa mu dubi irin wannan tasha da idon basira. A Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai da gagarumin biki a gaban shugabannin Nijar da Benin da Togo, a Janairun 2016 kuma aka ƙaddamar da layin da ya kai Doso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa da faɗin mita ɗaya. Shari'ar da aka yi a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin ta hana a haɗa shi da Paraku, kuma layin bai taɓa zama hanyar da talaka ke sayen tikiti ya bi kullum ba. Ba na kawo wannan don zargin kowa. Na kawo shi ne domin ya nuna mana cewa gini da dogo kaɗai ba su isa su zama tasha ba, kuma ƴar ƙaramar tashar Ƙaura, wadda ba a yi ta da niyyar burge kowa ba, ta yi shekaru tana jawo mutane daga tafiyar kwanaki saboda tana da kayan ɗauka, da kasuwa kusa, da masauki, da ranar zuwan jirgi da kowa ya sani. Waɗanda za su tsara tashar Maraɗi da abin da zai kewaye ta za su amfana idan suka ji daga bakin tsohon dillali inda ake tsayar da dabbobi, da inda mata ke kafa tukwane, da abin da ke sa baƙo ya yarda ya kwana.

Na kawo kukan gaban hukumarka ne domin ban ga wata da aikinta ya fi dacewa da shi ba. An kafa ta a 1971, shekara huɗu kafin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma tsakanin ƙasashen biyu ne kai tsaye, don haka ficewar Nijar daga waccan ƙungiya ba ta rushe ta ba. Ta saba da al'amuran da rabinsu ke nan rabinsu ke can, kamar ruwan Maggiya da Gulbin Maraɗi da Komadugu waɗanda yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta tsara, da maganar ciniki tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi. Tarihin tashar Ƙaura irin wannan ne: ginin da takardun suna Najeriya, wani babban kaso na masu labarin kuma suna ƙauyukan jahar Tawa da ta Maraɗi. Kowa ya san dangantakar gwamnatocin biyu ta yi sanyi tun Yulin 2023, har iyaka ta yi watanni a rufe. A irin wannan yanayi, aikin da ba ya cin kuɗi mai yawa, ba ya taɓa siyasar kowa, kuma yana tuna wa jama'a abin da ya haɗa su, ya cancanci a ba shi wuri a teburin tattaunawa.

Na san za a ce mini Zamfara ba lafiya, kuma gaskiya ne. Hanyar Sabon Birni da Isa da Shinkafi da na ambata a sama tana cikin hanyoyin da ƴan bindiga suka fi addaba, kuma bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022 ba mai hankalin da zai yi wasa da maganar tsaron jirgi. Ba na roƙon a tura ɗaliban Tawa su bi wannan hanya. Amma rabin aikin ba ya bukatar kowa ya ƙetare iyaka. Ɗaukar muryar dattawa a Madawa da Kwanni da Buza da Tawa aiki ne da za a iya farawa a wannan rani, kuma Yamai na da gidajen da suka ƙware a kansa: cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka, wadda aikinta ke nan tun 1968, da cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni. Jami'ar Jibo Hamani da ke nan Tawa tana da ɗaliban da Hausar Adar ce harshen da suka tashi da shi, sun san yadda ake durƙusa wa tsoho a gaishe shi kafin a yi masa tambaya. A can Najeriya kuma, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da cibiyar tarihi ta Gidan Arewa, duka a Kaduna, ba su cikin daji, kuma a cikin garin Ƙaura kansa akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda malamanta da ɗalibanta za su iya auna tashar, su zana ta, su ɗauki hoton duk abin da ya rage, ba tare da an kawo baƙo daga nesa ba.

A wajen ɗaukar labarin ina roƙon a kula da abu guda. Idan aka tura mai bincike ƙauye, gidan mai gari da na manyan alhazai ake fara kai shi, kuma labarinsu na da amfani, amma wanda ya kora shanun da ƙafa, da matar da aka bari da yara wata shida tana jiran saƙo, da tsohuwar da ta yi tallar abinci a bakin tasha tana yarinya, su ne suka san farashi da wahala da dabarun hanya. A ɗauki maganarsu da Hausa yadda suka faɗe ta, a rubuta ta da Hausa kafin a yi zancen mayar da ita Faransanci ko Ingilishi, a ajiye kwafi a Yamai da Tawa da Gusau, kuma a ba gidajen rediyon karkara su watsa, domin duk tsohon da ya ji ɗan'uwansa na ba da labari a rediyo zai tuna abin da wancan ya manta.

Game da ginin, mai shi ita ce hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, mai ikon sanya shi cikin wuraren tarihi da doka ta kare kuma ita ce hukumar gidajen tarihi ta ƙasar, don haka abin da hukumarka za ta iya yi shi ne ta rubuta musu a hukumance, ta sanar da gwamnatin Zamfara da fadar Mai martaba Sarkin Kiyawa, ta bayyana cewa Nijar na da sha'awa a wannan wuri. Akwai misali a cikin Najeriyar kanta, inda masu kishin tarihi suka gyara tsohon gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta, a Ikko, suka mayar da shi ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa. Abin da nake tsoro, kuma gara in faɗe shi tun yanzu, shi ne irin gyaran nan na kwangila da ake cire tsofaffin tagogi da ƙofofi, a shafe bango da sabon fenti, a kafa allo, a yanka ƙyalle, sannan a kulle. Gara a toshe yoyo, a shata iyakar fili da shaidar masu unguwa, a bar duk tsohon abu a inda yake, a kuma ba mutanen gari wani ɗaki su riƙa amfani da shi, ko na karatu ne ko na taro, domin ginin da ake shiga kullum ba a cika sace masa ƙofa ba.

Shata filin na da wani amfanin da ya wuce tarihi. An daɗe ana zancen ƙara layin daga Ƙaura zuwa Sakkwato da Illela har Birnin Kwanni, kuma duk manomin albasa a Galmi ya san abin da hakan zai rage masa na kuɗin mota da asarar ruɓewa a hanya. Ba wannan nake roƙo a yau ba, domin ya fi ƙarfin wasiƙa ɗaya. Sai dai idan aka bari aka gine hanyar dogo da harabar tasha, ranar da aka tashi yin aikin sai an biya diyya an rushe gidajen mutane kafin a kafa ƙarfe ɗaya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon a sanya wannan batu cikin ajandar zaman hukumar na gaba, kuma kafin nan ofishinka ya aika wa jami'ar Tawa da cibiyoyin nan biyu na Yamai takardar neman su fara ɗaukar muryoyin, a soma da Madawa da Bangi bayan an gama girbi, lokacin da tsofaffi ke da sukunin zama. Mu malaman da muka ajiye alli a wannan jaha a shirye muke mu raka ɗaliban, mu nuna musu gidajen da ya kamata a fara sallama.

Allah ya taimake ka, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.